Robar Haƙori da Wushiryar Baba

Ni ɗan fari ne, kuma Innata irin matan da ne masu alkunyar gaske. Shekarata talatin da takwas a duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni sai ta ce "kai", in za ta ba da labarina sai ta ce "yaron nan", alhali yaron nan yanzu 'ya'yansa huɗu, da furfura a gemu. Fuskata kuwa ba ta kallo. In na durƙusa na gaishe ta, katanga take amsa wa, ko kaza in akwai kaza a kusa. Ƙannena har kan tabarmarta suke baje su yi ta zuba, tana kiran kowa da sunansa. Ban taɓa jin haushi ba, haka na buɗe ido na gani. Na fara da wannan ne don a gane yadda aka yi mutum mai hankalinsa ya tafka wautar da zan faɗa.

Sana'ata sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Ina bin gonakin rani na bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, in saya, in kai inji, in sayar. Rabin jarin wannan sana'a a baki yake. Manomi zai rantse maka da girman Allah cewa shinkafarsa ta bushe ƙayau. Kai kuma sai ka zura hannu can cikin buhu ka ɗebo, ka ɗage leɓe, ka sa ƙwaya ɗaya a haƙoran gaba ka datse. In ta ce ƙas, ta bushe. In ta lotse shiru, da sauran ruwa a jikinta, inji zai mayar maka da ita tsaki. A wurin Baba na koya, Allah ya jiƙansa.

Ba sana'ar kaɗai na gada ba, har da bakinsa. Baba yana da wushirya mai faɗi, irin wadda ƙwayar shinkafa ke wucewa a kwance, kuma cikin mu bakwai ni kaɗai na ɗauko ta. Gwaggona ta taɓa tsegunta min cewa lokacin da samari ke layi a ƙofar gidan su Inna, har da mai keke sabo, wushiryar nan ce ta kayar da su duka. Sai dai ta Baba a tsakiyar haƙora jerarru take zaune. Tawa kuwa a tsakiyar rigima aka ajiye ta. Wasu sun hau kan juna, fiƙa ɗaya ta juya wa 'yan uwanta baya, wani kuma ya turo gaba yana yanka min leɓe duk lokacin da na ci rake. In na ci nama ranar Juma'a, sai Lahadi nake gama sakace.

Tun rasuwar Baba, shekara tara ke nan, kullum da safe kafin in fita sai na biya gidanmu na gaida Inna. Ita sana'arta gumi: ta jiƙa shanshera, ta turara, ta shanya a tsakar gida. Ina gama gaisuwa sai ta ɗebo 'yar kaɗan, ta miƙo hannu ta gefe ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Kai, duba ko ta bushe." In ɗage leɓe, in datse, in ce, "Ta bushe, Inna," ko in ce a ƙara mata rana. Ni a tunanina haƙoranta ne suka tsufa, shi ya sa take aron nawa.

Waya ce ta jawo komai. Na fara ɗaukar bidiyon shinkafa ina turawa masu saye na nesa, ina ɗebowa ina zubarwa ina washe baki ina kirari. Wata hajiya da ke saye a hannuna ta turo amsa da murya, tana dariya har da tari. Ta ce shinkafa dai ta yi kyau, kamar dashen layi, amma haƙoran mai ita yafa su aka yi. Na saurara sau ɗaya, raina ya ɓaci. Mai ɗakina ta karɓi wayar ta saurara sau biyar.

Da ma dasashina ya daɗe yana jini in na yi burushi, sai na fake da wannan na tafi wani asibitin haƙori a cikin Kano. Likitar mace ce, matashiya, mai fara'a. Ta zura min wata na'ura mai kama da ƙatuwar tocila tana yawo da ita a bakina, sai ga haƙora sun fito a fuskar kwamfuta, manya-manya, kowanne ya kama gabansa.

Na ce, "Likita, waɗannan na wane ne?"

Ta ce, "Naka ne, Alhaji."

Ban je Makka ba, amma ban gyara mata ba, don a lokacin ina buƙatar duk wata daraja da zan samu. Ta ce gyara iri biyu ne. Akwai na ƙarfe, wanda ake ɗaure haƙora da waya. Na ce a kai kasuwa, ba zan tsaya gaban manoma da shinge a baki ba. Sai ta ɗauko ɗayan, wata roba garai-garai mai siffar haƙora, a kifa ta a kansu kamar murfi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ta ce duk mako biyu ake canja sabuwa, kowacce ta ɗan tura haƙoran kaɗan, kuma sai mutum ya ƙura ido zai gane akwai ta. Ta danna wani abu, haƙoran cikin kwamfuta suka fara tafiya da kansu, kowa ya koma sahu. Daga ƙarshe na gaban nan biyu suka matso suka haɗe.

Ta ce, "Wushiryar fa? Wasu suna so a bar musu kayansu."

Ni kuwa dariyar hajiyar nan na yawo a kunnena. Na ce, "A rufe, Likita. In za a yi shara a yi har bayan ƙofa."

Da na koma gida na nuna wa mai ɗakina hoton yadda zan zama, ta daɗe tana kallo. Na zaci yabo za ta yi, sai ta ce, "Inna ta sani?"

Na san abin da take nufi. Gonar Baba an raba, kekensa an sayar, rigunansa an bayar sadaka. Wushiryar nan kaɗai ce gadon da ba a taɓa ba, kuma ga shi na je birni na sa hannu a toshe ta. In Inna ta ji, ba za ta yi faɗa ba, ba ta faɗa da ni. Shiru za ta yi, kuma shirun Inna ya fi bulala. Amma nan take na samo wa kaina mafita.

Na ce, "Innar da ba ta kallona? Ai ko haƙoran zinariya na sa sai dai ta ji a gari. Kuma a hankali abin zai rufe, ba wanda zai lura."

Mai ɗakina ta ce, "Uhm." Ta tashi ta shiga kicin. Shekara goma sha biyar muna tare, ya kamata a ce na san wannan "uhm" ɗin.

Bayan mako uku aka kira ni, robobin sun iso, kowacce a ledarta da lamba. Likita ta kifa min ta ɗaya, ta danna har ta ce ƙwas. Ji na yi kamar wani ƙato ya kama haƙorana duka da hannu biyu ya ƙi saki. Sannan ta karanto dokoki. Awa ashirin da biyu a rana tana baki. Ba a cin komai da ita, ba a shan komai sai ruwan sanyi. In an ci abinci a wanke baki kafin a mayar. Kada ta ga ruwan zafi. In an shiga sabuwa a adana tsohuwar. Na ce duk wannan mai sauƙi ne, ni da ma ba mai yawan ci ba ne.

Ashe ƙarya nake yi wa kaina. Sai da robar nan ta shiga bakina na gano cewa ni ba sau uku nake cin abinci a rana ba, sau ɗaya nake ci, daga asuba zuwa isha. Mai shayin bakin titi yana hango babur ɗina yake haɗa min, ba sai na yi magana ba. A gona a miƙo rake. A inji a ɓaro goro. Wannan ya zo da gyaɗa, wancan da gasasshiyar masara, kuma a garinmu in ka ce a'a sau biyu sai a fara binciken abin da aka yi maka. Ranar farko da na ce wa mai shayi ya bar shi, ya ajiye kofi ya zagayo ya dafa kafaɗata, ya ce in wani abu ya faɗa da ya ɓata min rai in yafe masa. Ga yawu kamar an buɗe kanal. Ga maganata ta koma wani iri, duk inda "s" take sai iska ta riga ta fita.

Kwana na uku ranar kasuwar Bunkure ce. Wani dattijo da Baba ya daɗe yana saye a hannunsa ya kwance min bakin buhu. Na ɗebo, na kai baki, sai na tuna. Na juya masa baya kamar mai amsa waya, na sa farce ina ɓanɓara. Abu ya ƙi. Na ja ta dama, na ja ta hagu, ido ya yi ja, sannan ta fito da igiyar yawu a biye da ita. Ina juyowa na tarar dattijon ya zagayo yana leƙe.

Ya ja da baya ya ce, "Innalillahi! Ɗan nan, haƙoran naka cirewa ake yi?"

Na ce, "Roba ce, Baba. Magani ne."

"To da haƙoran roba za ka gwada min shinkafa? Ubanka da na Allah yake gwadawa!"

"Na Allahn suna nan, Baba."

"Buɗe in gani."

Na buɗe. Kafin in rufe mutum goma sun taru, har da mai sayar da igiya da ya baro kayansa. Don in kashe maganar na sa ƙwaya na datse da ƙarfi. Wayyo Allah! Ba wanda ya gaya min haƙoran da ake turawa tsami suke yi. Wani zafi ya tashi daga haƙori ya fita ta tsakiyar kaina, hawaye suka zubo shar. Dattijon ya juya wurin jama'a ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Kun gani da idonku. Bushewarta har kuka ta sa shi."

Haka na sayi buhunan nan ban san ko sun bushe ko ba su bushe ba. Kafin la'asar labari ya riga ni isa Kura. Wasu suka ce haƙorana sun zube an sa min na kanti. Wasu suka ce takara zan fito, gyaran baki nake yi saboda fosta. Ni kuma duk wanda na haɗu da shi sai in roƙe shi kada maganar ta kai gidanmu, kowa ya ce haba, ai ba za a ji daga bakinsa ba. Na kwantar da hankalina da cewa Inna ba ta zuwa kasuwa. Na manta kasuwa ce ke zuwa wurinta, mata goma ke shiga gidan nan sayen gumi kafin azahar.

Dabarar da na yi ta safiya ita ce, a soron gidanmu akwai wata alkuki a bango inda Baba ke ajiye tocila. In na shigo sai in tsaya nan in ɓanɓare robobin, in ƙulle a hankici, in tura ciki. In shiga in gaida Inna, in datse shinkafa ina murmushi, zafi na ratsa ni har ƙafa, in ce ta bushe. In fito in mayar da kayana. Kwana goma sha biyu ina haka, ina jin kaina wani gwanin wayo.

Rana ta goma sha uku na fito na tarar da hankici a kwance. Ta ƙasa tana nan, ta sama babu. A ƙofar soron kuwa ga jar akuyar Inna tsaye tana tuƙa, tana kallona ido cikin ido.

Na lalube alkuki, na share soron da tafin hannu, na zazzage takalman da ke wurin. Babu. Na kama akuyar nan na matse ta tsakanin gwiwoyina na buɗe bakinta, ta yi wata ƙara da ta sa maƙwabta leƙowa. Ban ga komai ba sai ɓawon rake. Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya ta tambayi katanga ko lafiya, na ce lafiya lau, kaska nake cire mata. Na koma gefe na kira likita.

Na ce, "Likita, in akuya ta haɗiye ta sama, yaya ake yi?"

Ta ce, "Akuyar tana lafiya?"

Na ce ni ne dai ba lafiya. Ta ce tunda kwana ɗaya ya rage, in wuce zuwa lamba ta biyu kawai. Duk da haka kwana biyu ina bin akuyar nan da tsinke ina tona abin da ta bari a baya, ni babban mutum mai 'ya'ya huɗu. Mai ɗakina ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta samu numfashi ta ce, "Amma akuyar nan da hankali take. Ta hau bango, ta kwance ƙulli, ta zaɓi ta sama ta bar ta ƙasa." Na ce mata ba ta san akuyar Inna ba ne. Ta sake cewa, "Uhm."

Daga nan na koma ajiyewa a 'yar akwatin da likita ta ba ni, a aljihu. Na saba. Na iya cirewa da hannu ɗaya cikin ƙiftawar ido, na koyi yawo da burushi kamar matafiyi, na rame har mutane na cewa azumin nafila ya karɓe ni. Lamba ta uku ta wuce, ta huɗu ta wuce. Fiƙar nan mai fushi ta fara juyowa. A lamba ta biyar na gwada tura ƙwayar shinkafa ta wushirya a kwance, ta ƙi wucewa, sai a tsaye. Na ji daɗi ƙwarai, har na tsaya gaban madubin babur ina yi wa kaina murmushi.

A makon nan ne wata safiya na gaida Inna, na zauna ina jira, hannu bai miƙo ba. Ga shinkafa shanye a tsakar gida kamar kullum, tana juya ta da ƙafa. Na yi gyaran murya.

Na ce, "Inna, ba a gwada ba."

Ta ce wa kaza, "Ta bushe."

Washegari haka. Jibi haka. Mako guda cur ina zuwa ina tashi hannu banza. Wallahi abin ya dame ni fiye da yadda zan iya faɗa. Shekara tara ina ɗaukar abin nan a matsayin ɗan aikin da nake taya tsohuwa, sai da aka daina na gane shi ne kaɗai abin da ke wucewa daga hannunta zuwa nawa. Na kasa tambaya. Ɗan fari ba ya zama ya ce wa uwarsa me na yi miki, ba a yi mana wannan hanyar ba.

Ranar da zan kai ta awon hawan jini, ƙanwata da ta saba shirya ta ba ta nan. Inna tana yafa mayafi ta ce, "Kai, shiga ɗaki, katin yana cikin adaka." Rabona da buɗe adakar nan tun ina yaro. Katin yana sama. A ƙarƙashinsa ga hular Baba, ga carbinsa, ga ɗan ƙaramin hotonsa na katin shaida. Kusa da hoton ga wani ƙullin farin ƙyalle, sabo. Ban san abin da ya sa na kwance ba.

Robata ce, ta sama, lamba ɗaya. An wanke ta tas, har ƙamshin turaren adakar ya kama ta. Na ɗaga ta saitin taga. Ga siffar haƙorana nan yadda suke kafin a taɓa su, da karkatattun da masu hawa kan juna, kuma a tsakiya ga wushiryar nan da faɗinta cikakke. Na dubi hoton Baba. Bakinsa a rufe yake gam.

Na zauna a bakin gado. Matar da ta shekara arba'in tana gumi, wadda ke sanin bushewar shinkafa da tafin ƙafarta, ita ce wai take buƙatar haƙorina? Ƙannena shida suna shiga gidan nan suna fita da haƙoransu lafiyayyu, ba ta taɓa miƙa wa ɗayansu ba. Ni kaɗai, kullum da safe, sai na ɗage leɓe. Ni ina can ina cewa ba ta kallona, ashe kifi na ganinka mai jar koma. Kunya ta kama ni, da tausayi. Na mayar da ƙullin yadda na same shi, na ɗauki katin na fito.

Tana tsaye a tsakar gida ta ba ni baya, tana zuba wa akuya dusa.

Ta ce wa akuyar, "Ci, baiwar Allah. An yi ta buɗe miki baki a banza."

Na tsaya da kati a hannu kamar an dasa ni.

Ta ci gaba, "Mutum da bakinsa, ya yi yadda ya ga dama, ba mai hana shi. Ni dai abu na tsinta a soro, kuma soron nawa ne." Ta karkaɗe kwanon dusar. "Mai gidan nan hoto ɗaya ya bari. Shi ma mai hoton cewa ya yi ya rufe baki."

Na goya ta a babur muka tafi asibiti muka dawo. Aka ce jininta lafiya. Nawa ne da an auna da an ba ni gado.

Washegari da sassafe ina Kano. Na zauna a kujerar likita na ce, "Likita, wushiryar nan da ta fara rufewa, tana buɗuwa?"

Ta sauke abin rufe hancinta ta dube ni. "Alhaji, ai na tambaye ka."

Na ce, "Kin tambaya. Sai dai ba mai ita kika tambaya ba."

Na ba ta labari a gajarce. Ta yi dariya wurin akuya, ba ta yi ba wurin adaka. Ta ce hoton bakina na ranar farko yana nan a kwamfuta, za a sake awo a yi sababbin robobi, sauran haƙoran su ci gaba da shiga sahu, na gaban nan biyu kuma a mayar da su inda aka same su. Ta ce aikin zai ƙara tsawo, kuma tsamin da na sha zan sake shan irinsa. Na ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Saura yadda zan sanar da Inna. Na kwana biyu ina juya abin, daga baya na ga ai hanya tana nan, ita ta nuna min. Bayan na gaishe ta na juya wurin akuya, wadda tun ranar da na buɗe mata baki ba ta yarda in matso kusa da ita.

Na ce, "Ke, in kin ga masu gidan nan ki gaya musu an koma wurin likita. Ƙofar nan da aka fara turawa an ce a bar ta a buɗe, yadda mai ita ya bar ta."

Inna ta ci gaba da juya shinkafa da ƙafa, sai dai na ga ta juya wuri ɗaya har sau uku. Na zaci washegari hannu zai miƙo. Ina! Inna ba ta sayen kaya a buhu ɗaure. Sababbin robobi suka iso, na koma lamba ɗaya kamar ɗan makarantar da aka mayar baya. Na sha tsami, na sha tsiyar 'yan kasuwa, waɗanda suka ce hala jam'iyya ce ta hana ni tikiti. Kullum in je in gaishe ta, ta amsa wa katanga, in tashi. Yadda take duba aikin ba tare da ta dube ni ba, har yau ban sani ba.

Sai wata safiyar Talata, wajen mako bakwai da saƙon da na ba akuya, na gama gaisuwa ina shirin miƙewa, na ga hannu ya miƙo ta gefe.

"Kai, duba ko ta bushe."

Na karɓa da hannu biyu. A karo na farko ban ɓoye komai ba, a gabanta na sa farce na ciro robar na ɗora a gwiwata. Na ɗage leɓe sosai, fiye da yadda aikin ke buƙata, na datse. Ta ce ƙas. Na ɗago ido da sauri, sai na kama ta. Ta juyo gaba ɗaya, idonta a kan bakina, kuma ba ta kawar ba.

Na ce, "Ta bushe, Inna."

Ta sake ɗebo wata ta miƙo.

Ta ce, "Sake gwadawa."